Yadda Ɗalibin Lauya a Amurka Ke Rubuta Maƙala Kan Muhalli da Haƙƙin 'Yan Ƙasa Har Ta Fito a Mujallar Ɗalibai

A yawancin fagagen ilimi manyan malamai ne ke tace rubutun junansu kafin a buga, amma a fagen shari'a na Amurka al'adar ta sha bamban, domin mafi yawan mujallun da alƙalai da lauyoyi ke kafa hujja da su ɗalibai ne ke gudanar da su. Su ke zaɓar abin da za a buga, su gyara, su bi diddigin kowace hujja, kuma a cikin kowace fitowa sukan ware wuri domin rubutun ɗalibai 'yan uwansu. Mujallar shari'a ta Jami'ar Harvard, wadda ɗalibai suka kafa a 1887, ita ce ta fi suna a wannan al'ada. Daga baya aka samu mujallu masu tsayawa a kan fanni guda: a 1966 ɗaliban Harvard suka fara wadda ta keɓanta da haƙƙin 'yan ƙasa da 'yancin ɗan Adam, a 1971 kuma ɗaliban Berkeley a Kalifoniya suka fara Ecology Law Quarterly kan dokokin muhalli. Wannan bayani zai bi hanyar da ɗalibi ke bi tun daga shigarsa mujalla har maƙalarsa ta fito, musamman idan ya zaɓi ya yi rubutu a mahaɗar fannonin nan biyu, wato inda gurɓacewar iska da ruwa da ƙasa ke faɗa wa wasu al'ummomi fiye da wasu.

Matakin farko: samun shiga

Karatun lauya a Amurka shekara uku ne bayan digirin farko. A ƙarshen shekarar farko yawancin makarantu kan shirya gasar rubutu, inda za a ba ka tarin hukunce-hukunce da takardu, a ce ka fitar da sharhi a cikin 'yan kwanaki ba tare da ka nemi wani abu daga waje ba, a kuma gwada ka a kan gyaran bayanan ƙasan shafi. Wasu mujallun na musamman ba sa buƙatar gasa, ko da yake kowace makaranta da tsarinta, saboda haka ka tambaya tun da wuri. Idan ka samu shiga, shekara ta biyu ta aikin ƙarfi ce, ka tace rubutun wasu kana kuma rubuta naka, wajen ƙarshenta ne kuma ake zaɓar waɗanda za su riƙe ragama a shekara ta uku.

Mataki na biyu: zaɓar tambayar da doka za ta iya amsawa

Nan ne mafi yawan ɗalibai ke tuntuɓe, don haka ya dace a daɗe a kansa. Ɗalibin da zalunci ya sosa wa rai yakan so ya rubuta cewa an cuci talakawa da baƙaƙen fata wajen ajiye juji da masana'antu masu hayaƙi a unguwanninsu. Maganar tana da tushe, amma an riga an faɗe ta tun da daɗewa. A 1982 mazauna gundumar Warren a jihar Karolina ta Arewa suka kwanta a kan titi don tare manyan motocin da ke kawo ƙasa mai guba, aka kama ɗaruruwansu. A 1983 ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin tarayya ya gano cewa uku daga cikin manyan wuraren binne shara mai guba guda huɗu a jihohin kudu maso gabas suna cikin yankunan da baƙaƙen fata suka fi yawa. A 1987 cocin United Church of Christ ta fitar da rahoto kan dangantakar launin fata da wuraren zubar da guba a faɗin ƙasar. Maimaita wannan ba zai sa editoci su ɗauki rubutunka ba. Abin da suke nema shi ne tambaya ƙarama mai kaifi, irin wadda alƙali zai iya cin karo da ita gobe, kuma babu wanda ya warware ta tukuna.

Kafin ka iya gano irin wannan tambaya dole ka san inda ƙofofi suka rufe. Wanda ya kai ƙara yana cewa an tauye masa daidaito a gaban doka, wanda gyara na 14 ga kundin tsarin mulki ya tanada, sai ya nuna cewa da gangan hukuma ta nuna masa bambanci. Wannan shi ne matsayin Kotun Ƙoli tun shari'ar Washington da Davis a 1976 da ta Arlington Heights a 1977. Nuna cewa cutarwar ta fi yawa a kan wata al'umma bai wadatar ba. Shi ya sa a 1979, lokacin da mazauna wata unguwar baƙaƙen fata a birnin Houston suka kai ƙarar kamfanin Southwestern Waste Management don hana buɗe juji kusa da makarantarsu, kotu ta ƙi dakatar da aikin bisa dalilin cewa ba a tabbatar da niyyar wariya ba. Lauyoyi sai suka koma ga Babi na 6 na Dokar Haƙƙin 'Yan Ƙasa ta 1964, wanda ya hana duk hukumar da ke karɓar kuɗin tarayya nuna bambancin launi ko asali, domin ƙa'idojin da aka fitar a ƙarƙashinsa sun hana matakan da sakamakonsu ya zama wariya ko da ba a yi niyya ba. A 2001 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu a shari'ar Alexander da Sandoval, ta ce mutum ba shi da ikon shigar da ƙara da kansa don tilasta bin waɗannan ƙa'idoji.

Idan ka fahimci wannan tarihi, tambayoyin da suka rage za su fara bayyana da kansu. Misali, wasu jihohi sun rubuta haƙƙin samun muhalli mai tsabta a cikin kundin tsarin mulkinsu: Pensilvaniya a 1971, Montana a 1972, New York a 2021. A 2023 wata kotu a Montana ta ba matasa 16 gaskiya a ƙarar da suka kai jiharsu kan sauyin yanayi bisa wannan tanadi, kotun ƙolin jihar kuma ta tabbatar da hukuncin a 2024. To, shin mazauna unguwa guda da ke shaƙar hayaƙin masana'antu da dama za su iya dogara da irin wannan tanadi don ƙalubalantar lasisin sabuwar masana'anta, alhali ita kaɗai ba ta ƙetare iyakar da doka ta sa ba? Wannan tambaya ce da ke da iyaka, tana da nassi, tana da hukunce-hukuncen da za a auna ta da su. Sauran wuraren da ake samun tambaya mai kyau su ne inda kotunan ɗaukaka ƙara na tarayya suka saɓa wa juna a kan fassarar sashe ɗaya, da sabuwar dokar jiha da kotu ba ta taɓa fassarawa ba, da sabon hukuncin Kotun Ƙoli da ya girgiza abin da aka saba. Gwajin da za ka yi wa kanka mai sauƙi ne: ka faɗi da'awarka a jimla ɗaya wadda lauya mai hankali zai iya musantawa. Idan babu mai iya musanta ta, to bayani ka rubuta, ba hujja ba.

Mataki na uku: tabbatar da cewa ba a riga ka ba

Kafin ka zuba watanni a kan batu, ka bincika ko wani ya riga ya kawo wannan hujjar. Ka duba rumbunan bayanan shari'a na intanet, wato Westlaw da Lexis da HeinOnline, domin abin da aka buga, ka duba SSRN, shafin da masu bincike ke ɗora rubutunsu tun kafin a buga, domin rubuce-rubucen da ke kan hanya, ka kuma duba jerin ƙararrakin da Kotun Ƙoli ta amince za ta saurara, domin idan hukunci zai fito kafin maƙalarka ta fito, aikinka na iya zama tsohon labari tun yana wurin ɗab'i. Ka canza kalmomin bincike sau da dama, saboda marubuta kan kira abu ɗaya da sunaye daban-daban. Idan ka tarar da wanda ya taɓa batun, ba lallai ne ka watsar ba, sai dai ka rubuta wa editanka a fili abin da wancan ya ce da kuma inda kai ka rabu da shi. Wannan bincike ba sau ɗaya ake yin sa ba, ana maimaita shi kafin miƙa rubutu da kuma kafin bugawa.

Mataki na huɗu: tattara hujjoji, na doka da na ƙasa

A ɓangaren doka ka fara da asali: nassin dokar, sannan ƙa'idojin hukuma, sannan hukunce-hukuncen kotu, sharhin malamai ya zo daga baya. Kada ka dogara da taƙaitawar da wani ya yi wa hukunci, ka karanta shi tun daga farko har ƙarshe, har da ra'ayin alƙalan da suka saɓa. Kowane hukunci da za ka jingina da shi, ka duba da KeyCite ko Shepard's, manhajojin da ke nuna abin da kotuna suka yi da hukunci daga baya, ko har yanzu yana aiki. Abin da ya faru a Camden ta jihar New Jersey ya isa izina. A watan Afrilun 2001 wani alƙalin tarayya ya dakatar da lasisin wata masana'antar siminti saboda hukumar muhallin jihar ba ta auna yadda cutarwar za ta fi faɗa wa unguwar marasa rinjaye ba, amma ba a yi mako guda ba hukuncin Sandoval ya fito ya rushe ginshiƙin da aka ɗora wancan hukunci a kai. Alƙalin ya sake tsayar da umarninsa a kan wata dokar, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta soke shi kafin shekarar ta ƙare. Ɗalibin da ya karanta hukuncin farko kawai zai gina gida a kan rairayi. Haka nan duk wanda ke rubutu kan ikon hukumar kare muhalli ta tarayya dole ya san cewa a 2024 Kotun Ƙoli ta soke ƙa'idar Chevron ta 1984, wadda ta sa kotuna ke bin fassarar hukuma idan doka ta zo da harshen damo, kuma umarnin shugaban ƙasa mai lamba 12898, wanda Bill Clinton ya sa wa hannu a 1994 kan adalcin muhalli, an soke shi a Janairun 2025.

Rubutu kan muhalli yana da nauyi na biyu da sauran fannoni ba su cika ɗauka ba, wato alƙaluma da kimiyya. Bayanan ƙidayar jama'a za su nuna maka su wane ne mazauna yanki. Kundin da hukumar kare muhalli ke tattarawa kan gubar da masana'antu ke fitarwa, wanda wata dokar 1986 ta wajabta, zai nuna abin da ake zubarwa. Takardun ƙara na kotunan tarayya suna kan shafinsu na intanet mai suna PACER, abin da hukuma ba ta fitar ba kuma ana iya nemansa ta dokar 'yancin samun bayanai ta 1966, sai dai amsa kan yi jinkiri, don haka a aika buƙata tun farkon zango. A nan ɗalibin lauya ya san iyakarsa. Kasancewar cutar asma ta yi yawa kusa da masana'anta ba shi ne tabbacin cewa masana'antar ce ta haddasa ta ba, kuma idan binciken da ka karanta ya ce akwai alaƙa, kada alƙalaminka ya mayar da shi ya ce akwai sanadi. Idan hujjarka ta rataya a kan lissafi, ka kai wa wani malamin kiwon lafiyar jama'a ko na ƙididdiga ya duba.

Idan za ka yi hira da mutanen da abin ya shafa, ka nemi izinin kwamitin jami'a mai kula da bincike a kan mutane kafin ka fara, ka kuma gaya wa kowa a fili cewa kai ɗalibi ne, ba lauyansa ba, ba ka da ikon ba shi shawarar shari'a. Mutumin da ke cikin ƙara na iya faɗa maka maganar da za a yi amfani da ita a kansa idan ta fito a rubuce, saboda haka a bi ta hannun lauyansa.

Mataki na biyar: rubutun kansa

Tsarin da aka saba shi ne gabatarwa, sai shimfiɗar doka, sai bayanin matsala, sai mafita. Gabatarwa ta faɗi da'awar tun a shafin farko ko na biyu, domin edita mai tarin rubuce-rubuce a gabansa ba zai jira shafi na ashirin ba. Shimfiɗa ita ce inda ɗalibai ke ɓata tawada, suna zuba duk abin da suka karanta don a san sun yi wahala. Ka bar abin da mai karatu ke buƙata don ya gane hujjarka kawai, sauran ka sauke shi ƙasan shafi ko ka yar.

Mafita ita ce ma'aunin maƙala. Cewa majalisar tarayya ta gyara doka magana ce mai sauƙin faɗi wadda ba ta cika amfanar kowa ba. Ya fi kyau ka fayyace wa kake magana da shi, alƙali ne ko hukuma ko majalisar jiha ko lauyan masu ƙara, sannan ka ba shi abin da zai iya ɗauka ya yi aiki da shi: ma'aunin da kotu za ta bi, ko kalmomin da za a saka a sashe kaza, ko hanyar shigar da ƙara da ba a gwada ba.

Sai kuma ka fuskanci hujjar abokin hamayya a inda ta fi ƙarfi. A wannan fanni akwai tsohuwar tambaya da Farfesa Vicki Been ta yi nazari a kanta a mujallar shari'a ta Yale a 1994: shin jujin ne aka kai unguwar marasa ƙarfi, ko kuwa jujin ne ya fara zuwa, farashin gidaje ya faɗi, masu hali suka tashi, marasa hali suka shigo? Amsar tana sauya irin maganin da ya dace, domin idan na biyun ne, gyara dokar ba da lasisi kaɗai ba zai warkar da ciwon ba. Akwai kuma batun ayyukan yi da harajin da masana'anta ke kawowa, wanda wani lokaci mazauna yankin da kansu ke rarrabuwa a kai. Maƙalar da ta kauce wa waɗannan tambayoyi takan karantu kamar takardar zanga-zanga, kuma alƙali ba zai kafa hujja da ita ba. Fushi a kan zalunci yana da muhallinsa, amma a wannan rubutu ka bar alƙaluma da nassi su yi maganar.

Mataki na shida: bin diddigin kowace hujja

An daɗe ana sukar wannan tsari na mujallun ɗalibai, kuma alƙali Richard Posner yana cikin waɗanda suka ce ɗalibai ba su da gogewar da za su auna rubutun malamansu. A ganina sukar tana da gaskiya a wajen zaɓen maƙala, amma akwai aiki ɗaya da ɗalibai ke yi wanda da wuya manyan malamai su zauna su yi wa juna, shi ne duba kowace jimla da asalinta. Ga yadda ake yi. Za a raba bayanan ƙasan shafi tsakanin ƙananan editoci, kowa ya nemo ainihin takardar da aka ambata, ba abin da wani ya ruwaito daga gare ta ba, ya buɗe shafin da aka nuna, ya ja layi a ƙarƙashin wurin, sannan ya amsa tambayoyi uku: maganar tana nan, an kwafo ta harafi da harafi idan an sa ta cikin alamar zance, kuma tana goyon bayan abin da marubucin ya ɗora a kanta?

Tambaya ta uku ce ke kama kurakurai masu nauyi. A ce marubuci ya rubuta cewa Kotun Ƙoli ta yarda a shigar da ƙara da sunan kogi ko daji, ya kafa hujja da shari'ar Sierra Club da Morton ta 1972. Ƙaramin edita ya buɗe shafin, ya tarar da maganar tana nan daram, amma da ya koma baya shafuka kaɗan sai ya ga ashe ra'ayin alƙali William O. Douglas ne, wanda ya saɓa wa masu rinjaye. Ainihin hukuncin ya ce ƙungiyar kare muhalli ta Sierra Club ba ta nuna cewa ita ko mambobinta sun cutu ba, don haka ba ta da ikon shigar da ƙarar. Lambar shafi daidai take, zancen daidai yake, amma jimlar ƙarya ce. Abin lura a gefe guda shi ne, Douglas ya jingina ra'ayin nasa da wata maƙalar Farfesa Christopher Stone kan ba bishiyoyi ikon ƙara, wadda ta fito a shekarar a mujallar ɗaliban Jami'ar Kudancin Kalifoniya.

Salon rubuta madogara a yawancin mujallu na littafin ƙa'idoji mai suna Bluebook ne, kuma yana da tsanani har a kan waƙafi da gajarta suna. Ka riƙa rubuta cikakkiyar madogara da lambar shafi tun lokacin da kake karatu, domin neman shafin da ka manta bayan wata huɗu azaba ce. Duk shafin intanet da ka ambata ka adana kwafinsa ta Perma.cc, wato ma'ajiyar shafukan intanet, musamman shafukan hukumomin gwamnati, waɗanda kan sauya ko su ɓace idan mulki ya canza hannu, kamar yadda taswirar EJScreen, mai nuna gurɓacewar muhalli da irin mazauna kowane yanki, ta ɓace daga shafin hukumar kare muhalli a farkon 2025. Idan kuma ka yi amfani da manhajar ƙirƙirarriyar basira wajen bincike, ka bi ƙa'idar mujallarka, kada ka ambaci hukuncin da ba ka buɗe da idonka ba, domin irin waɗannan manhajoji sukan ƙago shari'ar da ba a taɓa yi ba.

Mataki na bakwai: miƙawa, gyara da bugawa

Mujallu da dama kan zaɓi rubutun ɗalibai ba tare da sanin sunan marubuci ba, don haka ka cire sunanka da godiyarka da duk abin da zai tona ka, har da bayanan da kwamfuta ke liƙawa a jikin fayil. Idan mujallar makarantarku ba ta ɗauka ba, ana iya aikawa wasu mujallun ta Scholastica, shafin miƙa wa mujallu rubutu, inda kakar miƙa rubutu ke buɗewa wajen Fabrairu da kuma Agusta, sai dai ka duba tukuna, don ba kowace mujalla ke karɓar rubutun ɗalibin wata makaranta ba. Idan ka taɓa aiki da wata ƙungiya ko ofishin lauyoyi da ke cikin ƙarar da kake sharhi a kanta, ka bayyana haka a bayanin farko na ƙasan shafi, kuma kada ka yi amfani da sirrin da ka samu ta wannan aiki.

Bayan an karɓa, rubutun zai yi ta kai da komowa tsakaninka da editoci. Gyaran da ya shafi gaskiyar magana ko madogara ka karɓe shi ba gardama. Wanda ya shafi salo kana iya tattaunawa, wanda kuma zai sauya ma'anar hujjarka kana da damar ƙin sa, amma ka rubuta dalilinka a gefen shafi. Ka karanta yarjejeniyar haƙƙin mallaka kafin ka sa hannu, ka tabbatar ta bar ka ka ɗora maƙalar a SSRN ko ma'ajiyar jami'a, saboda lauyoyin ƙananan ƙungiyoyi da mazauna unguwannin da ka yi rubutu a kansu ba lallai ne su iya biyan kuɗin Westlaw ba. A makon da za a kai wurin ɗab'i, ka sake bi ta kan kowane hukunci da kowace ƙa'ida da ka ambata ka ga ko wani abu ya sauya, idan kuma akwai ƙarar da ke gaban kotu har lokacin, ka rubuta a bayanin ƙasan shafi ranar da ka duba matsayinta na ƙarshe.